Gaisuwar da Kwamfuta Ta Yi wa Kawu

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, shekarar da na shiga ajin koyon kwamfuta a Parakou ba za ta fita daga raina ba. Aji ne na 'yan farawa, a wani ɗaki kusa da Gare, wato tashar jirgin ƙasa, inda ake koya mana rubuta wa na'ura umarni. Lokacin kaina rawa yake yi, don duk abin da malam ya rubuta a allo ni ke fara kamawa.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, mahauci ne a Djougou. Abu ɗaya ya nema a wurina da zan taho: in riƙa gaishe shi kowace Juma'a. Ni kuwa sai in manta, ya yi fushi, in ba shi haƙuri.

Da malam ya ce kowa ya haɗa 'yar manhajar da za ta warware masa wata matsala, sai na ce ga tawa. Ya taimake ni muka haɗa wani layin waya da kwamfutar ajin. Duk Juma'a bayan masallaci sai ta aika da kanta: "Kawu, barka da Juma'a, yaya jiki?" Na gaya wa Kawu sabuwar lambata ce. Malam ya duba aikin ya ce, "Bon, tana aikawa. In ya amsa fa, wa zai karanta?" Na yi dariya na ce wannan sai a darasi na gaba. Daga nan na sake jiki, ko kiransa ban ƙara yi ba.

Bayan kusan wata biyu, ranar wata Laraba, matar Kawu, wadda nake kira Inna, ta kira ni a tsohuwar lambata ta ce Kawu ya cika. Na hau mota ina kuka har Djougou.

Ranar Juma'a muna zaune ana karɓar gaisuwa, Inna na riƙe da wayarsa, sai ta yi ƙara. Ta miƙo mini don ba ta karatu. Saƙona ne, yana tambayar Kawu yaya jiki. Ta dube ni, hannuna babu waya, ta ce, "Ɗana, kai da kake gabana, wa ya aiko wannan mesaj?" Ta ce, "Sau nawa na ce a kira ka, ya hana. Ya ce ai ka sani, ya rubuta maka, karatu ne ya riƙe ka."

Da na koma Parakou na roƙi malam muka cire layin na sa a wayata. Saƙonnin Kawu bakwai na tarar. Na farkon godiya ce da sa albarka. Daga na huɗu ya fara maganar ƙafarsa da ta kumbura, sannan asibiti. Na ƙarshen gajere ne: "Jiki ya ƙi. In ka samu hali ka zo in gan ka."

Kunya da baƙin cikin ranar har yau ban warke daga su ba. Na gama ajin, kuma da wannan aikin nake ci yanzu, ban ga laifin na'ura ba, abin da na sa ta shi ta yi. Amma na koyi cewa in ka tambayi mutum lafiyarsa, ka tsaya da kanka ka ji abin da zai ce, don wataƙila kai kaɗai yake jira ya gaya wa.