Ƙauyen Ottmar a Bakin Zarto

Ni kafinta ne, kuma a ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ni ake kira in za a yanka katako. Duk tsofaffi ne mu. Muna haɗuwa ran Asabar a ɗakin ƙasa na wata makaranta kusa da birnin Kolon, inda wani ƙaton tebur ya cinye wurin. Kowa da yankinsa a kai, wannan dutse, wancan masana'anta, siririn layin dogo ya zagaye su duka. Jirgin bai wuce tsawon hannu ba, amma in ya ɓullo daga ramin dutse da 'yar fitilarsa, sai ka ga mai furfura ya durƙusa yana leƙe.

Yankin Ottmar yana can ƙarshen tebur. Motar madara ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare. A Kessenrath aka haife shi, ƙauyen da aka tashe shi don haƙar kwal, yau wurin rami ne. Mutanen kowa ya kama gabansa. Ottmar bai taɓa ja mana labarin da tsawo ba. Gina ƙauyen kawai ya yi da kwali da tsinken ashana: coci, gidan burodi, gidan uwarsa da igiyar shanya, har karen maƙwabci mai ƙafa uku. Ya kuma yi masa tasha, alhali jirgi bai taɓa bi ta can ba.

"Tashar nan ƙarya ce," in ji Hubert, shugabanmu, tsohon ma'aikacin jirgi.

"Gashin kanka ma saye ka yi, wa ya tanka maka?" in ji Ottmar.

Ana nan sai makaranta ta ce tana son ɗakinta. Wanda muka samu bai kai tsawon teburin ba. Na auna ta kowace fuska, ƙarshen tebur ne zai tafi, wato Kessenrath. Aka yi taro, aka sha kofi, aka yi ta zuba. Kowa na cewa abin tausayi ne, ba wanda ya ce a yanka nasa. Ottmar yana gefe yana goge ƙafafun wani tarago.

Ranar ƙaura na zo da zarto, na tarar ya riga ni, da kwalayen takalma da auduga da siririyar wuƙa.

"Dakata, sarkin yanka," ya ce. "Wancan karon da aka tashe mu, ko ƙofa ban samu na cire ba."

Ya riƙa ɓamɓare gidajen ɗaya bayan ɗaya. Garin cirewa har bangon cocin ya tsage. Da ya gama ya ɗaga min kai, na yanka.

A sabon ɗaki kwalayen suka zauna ƙarƙashin tebur. Wata Asabar Ottmar ya shigo bai ko cire hula ba, ya ce zai kwashe su ya ɗora saman kabad a gida. Mun san in ya fita da su ba zai dawo ba.

Gundula, mace ɗaya tilo a cikinmu, tsohuwar direbar bas, ta jawo kwali ɗaya ta buɗe. Ta tumɓuke itatuwan da ke gefen masana'antarta, ta dasa gidan burodin.

"Ma'aikatana sun daɗe da yunwa," ta ce. "Miƙo min gam, tsoho, kar ka tsaya kamar gunki."

Mai yankin dutse ya ɗauki cocin ya ɗora a tudu. Gidan uwar ya samu wuri a bakin gadar da ke yankina. Hubert ya daɗe yana tsaki, sannan ya cire rumfarsa ta ba jirgi hannu ya sa tashar.

"Har yanzu ƙarya ce," ya ce. "Amma ta ginu."

Ottmar ya zagaya teburin a hankali. "Kun warwatsa min gari."

"Da mutanen naka a haɗe suke?" in ji Gundula.

Ya cire hula, ya zauna gaban makunni, ya tada jirgi. Jirgin ya tsaya a coci, ya tsaya a gidan burodi, da ya iso gada ya sake tsayawa, jiragen wasu suka yi layi a bayansa.

"Ottmar, babu tasha a nan," in ji Hubert.

"Yi haƙuri," ya ce. "Tsohuwata ce za ta sauka, ƙafarta ba sauri."

Muka jira.