Sandar da Ta Hana Ɗana Shan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Jagora, wanda ya shekara arba'in yana ratsa hamada da matafiya a ƙafa, bai taɓa baro ko mutum ɗaya a can ba.

Baba, da faɗa na fara saninka. Ɗana na fari ya bi ayarinka tafiyar kwana tara, ba da son raina ba, ya dawo hannunsa na dama a kumbure, ya ce kai ka doke shi. Na yafa mayafi na iske ka a rumfarka kana wanke jarkoki, na ce, "Tsoho, ni na haife shi, ni kaɗai ke da ikon dukansa!"

Ba ka ɗago kai ba. Ka ce, "Hajiya, hannu zai sace. Zauna ki ji."

Na zauna na ji. A rana ta huɗu kun tarar rijiyar da kuka dogara da ita ta rufta. Ku goma sha ɗaya, ruwa bai fi rabin jarka ba. Can gaba sai ga wani tafki ƙarƙashin dutse, ruwansa garau. Ɗana ya ruga ya cika moɗa, sandarka ta riga bakinsa. Ka nuna musu bakin tafkin: babu sawun tsuntsu, babu kashin dabba, ko ƙuda babu. Ka ce ruwan da dabba ta ƙi, ɗan Adam ba ya sha.

Ka ja su tafiyar awa biyu cikin busasshen rafi, leɓɓansu na tsagewa, wasu na zaginka. A wata lanƙwasar rafin inda ciyawa guda ta yi kore ka durƙusa ka haƙa har kafaɗarka ta shige rami. Ruwa ya tsattsafo, ja, mai laka. Ka bari ya kwanta, ka tace da rawaninka, ka jefa ƙwayar kashe cuta, sannan ka ɗora agogo a kan dutse ka ce sai an cika rabin awa. Ƙarti na kuka, kai kana zaune da sanda a cinya. Da lokaci ya yi, kai ne na ƙarshen sha.

Ba ka yi boko ba, amma Allah Ya sanar da kai karatun ƙasa. Yaran zamani su ji: ba duk abin da ya yi kyau a ido ake kai wa baki ba, kuma wanda ya hana ka ba lallai maƙiyinka ba ne.

Ni ma mai wa'azin ina da laifina. Ran nan na tashi na tafi, girman kai ya hana ni cewa ka yafe mini. Shekara shida ina cewa gobe. Yanzu ɗan nawa yana da 'ya'ya biyu, kai kuwa ka tafi.

Uwargidan Baba, ki karɓi wannan roƙo a madadinsa. Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya shayar da shi daga Alkausara, shan da babu ƙishi bayansa. Amin.