Wutsiyar Ayari

Ranar Asabar ɗin da ta wuce tela ya dawo unguwa da rigar ƙungiya ɗaure a ƙugu, saboda wandonsa ya yage daga baya har gwiwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana rufa wa maza asiri da allura, sai ga nasa a waje. Abin da ya faru, a kan hanyar ƙauye ya kafe madubi da ido yana kallon baya, babur ya bi son ransa ya gangara kwatami, matan da ke dawowa daga rijiya suka sha kallo kyauta. Da maƙwabta suka tambaye shi ko sabon yayi ne, sai ya ce iska yake sha.

Masu kawo ɗinki ne kawai ke ce masa tela. Kowa Wutsiya yake kiransa. Suna da ƙungiyar masu manyan babura, su goma sha ɗaya, har da mai aski da mai kemis da wani malamin makaranta mai tumbi. Duk ƙarshen mako sai su jeru su bi ƙauyuka, ba saye ba sayarwa, su ƙona mai su dawo da ciwon baya. Shugaba a gaba, tela a ƙarshe. Dokar mai riƙe wutsiya ɗaya ce tak: ba ya wuce kowa. Taya ta sace, ya tsaya. Fitsari ya matsi wani, ya tsaya ya kau da kai. Sun ce don haƙurinsa suka ba shi aikin, amma gaskiya babur ɗinsa ko an roƙe shi ba ya gudu.

Sau ɗaya ya taɓa karya dokar. Shekara biyu ke nan, lokacin su goma sha biyu ne, har da ƙanin matarsa, mai faci, wanda ya koya masa tuƙi. Sun kusa wata 'yar gada hadari ya haɗu, mai faci ya tsaya ɗaure jakarsa da ta kwance. Tela ya tsaya a gefensa kamar kullum.

"Yaya, wuce kada ruwa ya dake ka," in ji mai faci. "Ina bayanka."

Ya wuce. A madubi ya ga fitilar mai faci ta kama, ta taso, sai kwana ta ɓoye ta. A gari na gaba suka tsaya shan shayi, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa. Da suka koma, a ƙarƙashin gadar suka same shi, babur a kansa, injin har ya huce.

Tun daga ranar tela ya jawo keken ɗinkinsa ya jingina bayansa da bango. Dogon madubin gwaji kuwa ya kifa fuskarsa, sai dai mai riga ya tambaye shi ko ta zauna, shi kuma a wurinsa kowace riga ta zauna. A gida hular kwanon marigayin tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, matar tela tana goge ta duk safiya. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba laifinsa ba ne.

Duk fitar da suka bi ta gadar nan, da sun haye, fitila ɗaya take bayyana a madubinsa, rana tsaka. Ba ta matsowa, ba ta ja da baya. Ya rage gudu, ta rage. Ya miƙa hannu ya yi alamar a wuce, ba a wucewa. Ya waiwaya, sai kwalta da gonaki. Ba tsoro ne ke cinsa ba. Shi a lissafinsa, muddin akwai fitila a bayansa, to har yanzu wuce mutum yake yi. Abin da yake so kawai, wata rana ta ja mai ta wuce shi, ya koma na ƙarshe na gaskiya. Shi ya sa ba zai iya barin bayan nan ga kowa ba.

Washegarin yagewar wando aka kira taro a ƙofar shagon mai aski, babura jere a bakin titi. Shugaba, tsohon direban babbar mota, ya yi gyaran murya.

"Wutsiya, ba don mun raina ka ba. Jiya wando ne, gobe ba mu san mene ne ba. Ka koma tsakiya, inda na bayanka masu numfashi ne."

"Ranka ya daɗe, wa zai riƙe bayan?"

Kowa ya shiga duba takalminsa. Mai aski ya tuna bai wanke reza ba. Daga ƙarshe mai kemis ya ɗaga kai.

"Ni zan riƙe. Rana ce take dukan gilashi, kai kuma kana tuƙi da yunwa. Mu duk ta gadar muke bi, akwai wanda ya taɓa ganin wani abu?"

Aka yi caa, babu, babu, ko kusa.

Tela ya cire rigar nan mai ɗaukar ido da mai riƙe baya yake sawa, ya riƙe ta a hannu. Zuciyarsa tana can bayan kwana, inda mai fitilar nan zai taso ranar Asabar ya tarar da bayan da bai sani ba. Yana neman inda zai ajiye idonsa, sai ya sauka a kan baburan. Bai taɓa lura ba, don shi kullum bayan mutane yake gani. Na mai kemis ba madubi ko ɗaya, sai ramukan noti. Na malam an lanƙwasa su suna kallon tanki. Na shugaba an liƙe su da takarda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har goma.

Ya mayar da rigarsa, ya ja zif har wuya.

"Na ji, rana ce," ya ce. "Ni da nake ganinsa ga madubaina nan biyu. Ku da ba ku taɓa ganin komai ba, wa ya cire muku naku?"