Kwanon da Inna ta ɓoye

Na kalli talabijin a masauki iri-iri, daga Ikko har Agadas, amma ba wadda ta ba ni dariya kamar ta gidan hedimastan ƙauyenmu, 'yar baƙi da fari mai aiki da batirin mota. Ran wasan kwaikwayo sai ya fito da ita ƙofar gida, mu baje a ƙasa.

Akwai wani marowaci a wasan. Yana cin tuwo ya ji sallama, sai ya cusa kwanon cikin babbar riga. Miya na ƙona masa ciki, shi kuwa yana ta amsa gaisuwa yana mutsu-mutsu. Har birgima muka yi don dariya.

A waccan shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Baba ya tafi dako kasuwar Dawanau, mu yara huɗu muna wurin Inna, tukunya sau ɗaya take hawa murhu a rana. Wata Laraba da azahar, an sauke ɗan faten tsaki kenan, muka ji sallamar Gwaggo, yayar Baba, ta taho a ƙasa daga wajen Gezawa. Wuf Inna ta tura kwanon bayan turmi, ta rufe da faifai.

Ni ina ɗan shekara bakwai, na ɗauka wasa ne. Gwaggo na zama na fashe da dariya. "Gwaggo, Inna ta yi irin na talabijin! Ga shi can bayan turmi!"

Inna ta sunkuyar da kai. A gaban dangin miji fa. Ta jawo kwanon, muryarta can ƙasa: "Bismillah, Yaya."

Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ayya, ai azumi nake. Ba wa 'yan banzan nan, kafin mai bakin tsiyar nan ya kai mu gidan rediyo."

Muka cinye tas, suna ta hirar damina.

Da za ta tafi aka ce in raka ta. A zaure ta buɗe randa, ta shanye moɗa biyu ba numfashi. Tana juyowa muka haɗa ido.

"To, sarkin labari, wannan ma a je a faɗa?"

Na girgiza kai. Har Inna ta rasu ban faɗa mata ba.