Sunan Da Inna Ba Ta Kira

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ana lissafin 'ya'ya a gaban mutane sai ta tsallake shi. Da aka yaye shi, kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ƙauyenta kusa da Mafaza. Can ya girma, can ya yi aure, can yake noma. Mu uku da muka biyo baya, duka mata, a Gadarif muka tashi. In Inna za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin Mafaza". In ya zo gaisuwa yakan tsuguna a bakin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, ta amsa tana kallon tukunya, amma kafin ya tafi an riga an ƙulle masa kuka da daddawa da barkono, abin da mu da muke gabanta kullum ba mu taɓa samu ba.

Ni ce auta, shekara goma sha biyu tsakanina da shi. Na yi makaranta har na zama malama, kuma ina cikin masu ganin wannan al'ada ta tsufa. Na sha tsokanar Inna. In ce, "Inna, wa ya kawo buhun dawar nan?" Ta ce, "Wanda ya kawo." Mu yi ta dariya, ta jefe ni da mafici.

Lokacin da mahaifinmu yake raye ya kai mu mun yi lambar ɗan ƙasa, don ba a zama jarrabawa sai da ita. Inna ma ta yi tata a shekarar da ta sa rai da aikin hajji. Yaya yana can gona, ba wanda ya tuna da shi, shi ma bai damu ba. Yakan ce gona ba ta tambayar takarda.

Sai yaƙi ya zo. Gadarif ta cika da mutanen da suka gudo daga Kartum da Madani, makarantar da nake koyarwa ta koma wurin kwanan baƙi, kowace hanya an kafa shinge ana duba takardu. A kakar shekarar Yaya ya tafi yankan riɗi a wata babbar gona. A hanyar dawowa aka tare motarsu, aka yi kasha, wato kamen duk wanda ba shi da shaida. A cikin motar akwai Habashawa da suka sulalo daga sansanin 'yan gudun hijira na Umm Rakuba neman aikin kaka. Aka tambayi Yaya takarda, babu. Ya yi magana, aka ji Larabcinsa da harshen Hausa a ciki. Aka haɗa shi da su, aka rubuta cewa baƙo ne da ya shigo ƙasa ba izini. Hukuncin hakan ɗauri ne, daga nan a fitar da mutum daga ƙasar. Zuwa ina? Kakan kakanmu ne ya taso daga yamma da ƙafa. Yaya ko Kasala bai taɓa zuwa ba.

Na je wurin wani lauya a kasuwa. Ya saurare ni da ladabi, ya faɗi abin da zai karɓa, na yi masa godiya na fito. Albashi ya tsaya tun farkon yaƙi, abin da muke ci daga gyaɗar da Inna ke soyawa ne. Wata mai shayi a ƙofar wurin, da ta ga na fito ina share ido, ita ta nuna mini wani ɗaki a bayan layin maɗinka inda wasu lauyoyi ke taimakon talaka kyauta. Ban yarda ba. Na ce a raina, a wannan zamani ko ruwan sha ba a ba ka sai da dalili. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Benci biyu ne a ɗakin da tebur mai karyayyar ƙafa, mutane sun cika har waje. Wadda ta karɓe ni siririyar mata ce, Balarabiya, ita ma gudowa ta yi daga Kartum ta bar ofishinta da littattafanta. Tob biyu, wato lafaya, na san ta da su har muka rabu. Kowa Ustaza yake ce mata. Ba ta yi mini alkawari ba, abin da ya sa na fara yarda da ita ke nan. A rana ta uku ta gano inda aka tsare Yaya, ta shiga ta gan shi, ta hana a yanke masa hukunci a cikin taron da aka kamo su tare. Sannan ta zaunar da ni ta ce: mahaifinku ya rasu, 'yan'uwansa maza sun rasu, ke ƙanwa ce, ba ki ga haihuwarsa ba. Amma mahaifiyarku tana da takarda, kuma doka ta yarda ɗa ya sami ƙasa ta wajen uwa. Abu ɗaya ake so, Hajja ta tsaya gaban alƙali ta ce wannan ɗana ne, sunansa wane.

"Mai sauƙi ne, ko?" in ji ta.

Na ce mai sauƙi ne. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na sani sarai, amma na ji kunyar in gaya wa mace mai ilimi irinta cewa uwata ba ta iya furta sunan ɗan cikinta. Na ji tsoron ta yi mana kallon 'yan ƙauye. Na kuma ruɗi kaina cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in Inna ta ga abin ya kai ga ɗauri za ta aje kunya. A gida na ce mata kawai, "Inna, za a tambaye ki, ki faɗi gaskiya." Ta ce to.

Ranar zaman aka shigo da Yaya ya rame, an aske masa kai. Inna ta kafe bango da ido. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, da Larabci ya yi mata magana.

"Ya Hajja, kin san wannan mutumin?"

"Na san shi."

"Mene ne shi a wurinki?"

Inna ta yi shiru. Ya sake tambaya. Ta ja mayafinta ta ce, "Ɗan tsohuwa ne. Uwar mijina ta raine shi."

Ustaza ta juyo ta kalle ni. Alƙali ya ce, "To, 'ya'yanki nawa?"

"Uku ne a gabana, mata."

"Mene ne sunan wannan da ke tsaye?"

Ta ce, "Mutumin Mafaza ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alƙali ya rubuta abin da ya rubuta, ya ɗage zaman zuwa mako uku, ya kuma gargaɗi Ustaza a gaban kowa cewa kotu ba wurin kawo shaidar haya ba ce. Da ake fita da Yaya ya ɗan rusuna wa Inna kamar yadda ya saba.

A waje na sauke wa Inna abin da ke cikina, a gaban masu sayar da ruwa da masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Na ce kin kashe shi da bakinki. Na ce wace irin kunya ce wannan da ta fi ran ɗa. Sai da muka isa gida ta zauna bakin angarib, gadonta na igiya, sannan ta ce, "Wallahi na buɗe baki, ya bitti, 'yata. Ya ƙi fitowa." Kwana biyu ba ta soya gyaɗa ba.

Ustaza ba ta yi mini faɗa ba da na warware mata zancen, da ma ta yi ɗin ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kin bar ni na shiga da makafin idanu. Mako ukun nan shi zai biya su, ba ni ba, ba ke ba." Haka kuwa aka yi. A mako na biyu zazzaɓin sauro ya kama Yaya a can ciki. Ita ta yi ta zirga-zirga har aka yarda aka yi masa allurar kinin. Zazzaɓin ya sauka, amma maganin ya toshe masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji.

Na zaci za ta janye daga shari'ar, tunda mun zubar mata da mutunci kuma ba sisinmu a hannunta. Sai ga ta wata ranar Juma'a da hantsi a ƙofar gidanmu, ƙafafunta duk ƙura. Ta zauna, Inna ta dafa mata jabana, gahawarmu ta nan. Ba ta roƙi Inna ta faɗi suna ba, ba ta yi mata wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ya Hajja, ba ni labarin haihuwarki ta farko. Ba sai kin ce ta wa ba."

Inna ta daɗe tana juya kofi. Sannan ta fara, rabi Hausa rabi Larabci, ina cike wa Ustaza inda ta ɓace.

"Damina ce, ɗin, taɓo ke nan, ya kama hanya, ba mota mai shiga. Daya, ungozoma, ta zo da ƙafa, laka har gwiwa. Kwana biyu ina abu ɗaya. Da aka samu, aka ce ba ya kuka, sai da aka zuba masa ruwan zir, ruwan randa."

Ta faɗi sunan ungozomar da unguwar da 'yarta take har yanzu. Ta ce akwai baƙin tabo a ƙarƙashin kafaɗarsa ta hagu, da shi aka haife shi, faɗinsa kamar ɗan yatsa biyu. Ta ce a tafin ƙafarsa ta dama akwai ƙuna, ya taka garwashi yana koyon tafiya, ita ce ta bar murhu a buɗe. Ta ce in zazzaɓi ya kama shi ba ya son a rufe masa kai. Shekara talatin da huɗu ina tare da matar nan, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ni da nake mata dariya, ban san tabon da ke bayan yayana ba.

Ustaza ta rubuta duka. Ta nemo dattawa biyu na unguwarmu masu takarda su yi wa kotu bayanin kunyar ɗan fari, ta nemo 'yar ungozomar, ta rubuta wa alƙali roƙo cewa a karɓi shaidar uwa ta hanyar da za ta iya bayarwa. Na ce mata, in ya ƙi fa? Ta ce to sai mu ɗaukaka ƙara, kuma kada in ƙara ɓoye mata komai.

A zama na biyu alƙali ya saurari dattawan yana kaɗa kai. Ya ce shekarunsa da yawa a wannan aiki bai taɓa jin haka ba. Inna ta ɗora hannu a Alƙur'ani, ta faɗi tabon da ƙunar tana kallon bango. Aka kai Yaya gefe aka ɗaga rigarsa, aka duba ƙafarsa. Sai alƙali da kansa ya karanta cikakken sunan Yaya ya ce, "Ya Hajja, ba sai kin maimaita ba. Ke kika haife shi?"

Inna ta sunkuyar da kai sau ɗaya. Ya ce a rubuta ta amsa.

Yaya yana tsaye yana bin bakin kowa da ido, ba ya jin abin da ake faɗa. Sai da Ustaza ta je ta yi masa ihu a kunne cewa halas, an sake shi, sannan ya gane. Na kama hannunta ina kuka ina cewa me za mu yi miki. Ta ce in kawo shi ranar Lahadi a fara masa takarda. Ta tattara jakarta ta yi gaba, domin a cikin waɗanda aka kamo tare da shi akwai sauran mutum shida, kuma ba duka ke da uwa a garin ba.

Muka tari raksha. Inna ba za ta zauna kusa da shi ba, don haka ni na shiga tsakiya. Muna tafe, iska na kaɗa masa rigar da ta yi masa yawa. Wajen kasuwar hatsi ya sunkuyo wurina. Yana jin raɗa yake yi, amma kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, har mai raksha sai da ya waiwayo.

"Auta, ban ji komai ba a can. Ta faɗa? Ta kira sunana?"

Sai a lokacin na gane. Duk wahalar da muka sha don mu sauƙaƙa wa Inna, ba wanda ya tambaye shi abin da shi yake jira. Shekararsa arba'in da shida. Kwana arba'in da wani abu yana kwance a ƙasan siminti, kuma ashe a cikin abin da yake sa rai har da wannan.

Na ji jikin Inna ya sandare a gefena. Na kai bakina kunnensa na ɗaga murya yadda zai ji, yadda ita ma za ta ji.

"Ta faɗa, Yaya. A gaban kowa."

Ya koma ya jingina, ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. Na jira Inna ta ƙaryata ni, don ita mace ce da ba ta barin ƙarya ta wuce ta gabanta ko ta wasa ce. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta juya fuskarta waje tana kallon buhunan riɗi, ta ja mayafi ta rufe bakinta, haka har muka iso gida.