Ranar da 'Yata Ta Hana a Yanke In'inarta

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da na kai 'yata ta biyu gasar yara a gidan talabijin.

Lokacin muna zaune a Badarawa, ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuma yana aiki a sakatariya. Yarinyar tana aji huɗu, kuma tana da in'ina mai ƙarfi. Idan aka aike ta kanti sayen sabulu, gara ta nuna da yatsa da ta buɗe baki. A aji kuwa, ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu. Amma akwai abin da har yau ban san bayaninsa ba: da zarar ta ari muryar wani, sai harshenta ya sake. Takan tsaya a tsakar gida ta kwaikwayi 'yan kamashon tashar Kawo suna kiran fasinja, ta juya ta zama mai tallan kifi, ta koma kakarta tana faɗa da akuyar maƙwabta. Ko sau ɗaya ba ta sarƙewa.

A shekarun nan wani gidan talabijin a nan Kaduna yana da shiri duk Asabar, inda yara ke zuwa su nuna baiwar da Allah ya ba su. Ba ta yarda shirin ya wuce ta. Wata rana ina tankaɗe ta zo ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kokawa da maganar kafin ta fito. So take a kai ta.

Da na gaya wa babanta yana cin abinci, sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Maman yara, kin san yaran unguwar nan. A ƙofar gida ma yaya muka ƙare da tsokana, balle duk gari ya gani?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare, ita ta raba gardamar. Daga kan dardumarta ta ce, "Ku masu jin tsoro ku zauna a gida. Ita da za ta tsaya gaban mutane ai ba ta ce muku tana tsoro ba."

Ranar ɗaukar shirin muka tafi da hantsi. Ɗakin ɗaukar bai kai girman yadda yake fitowa a talabijin ba, ga fitilu masu zafi, iyaye a jere kan kujerun roba kowa na fifita da abin da ya samu. Wani yaro ya zo da motar da ya haɗa da gwangwani da batir, tana tafiya har da ba da wuta. Wata yarinya tana lissafi da ka kafin alƙalai su gama dannawa a waya. Ina kallonsu ne kawai, hankalina yana kan tawa.

Da aka kira ta, ta fito tsaf, ta tsaya inda aka nuna mata. Mai gabatarwa ya sunkuyo da murmushi ya ce, "To 'yan mata, gaya wa masu kallo sunanki."

A nan na gane kuskurenmu. Duk kwanakin da muka yi muna gwaji a gida, muryoyi muka yi ta maimaitawa, babu wanda ya tuna za a tambaye ta suna, kuma da muryarta za ta amsa. Ta kama harafin farko ya ƙi wucewa. Ta runtse ido, ta sake kamawa. Sai wasu yara a baya suka fara ƙunshe dariya.

Mai shirya shirin, wani dattijo mai furfura, ya ɗaga hannu aka tsayar da ɗauka. Ya zo wurina ya rage murya ya ce, "Hajiya, kada ki damu, ba kai tsaye ake nunawa ba. Za mu yanke wurin, mai gabatarwa ya faɗi sunan da kansa." Na ji sanyi a raina, har na fara yi masa godiya. Ashe ta biyo shi tana ji. Ta kama hannun rigarsa, ta daɗe kafin ta haɗa maganar, shi kuma ya tsaya ya jira ta.

"K-k-kawu, a bar shi. Ni zan f-faɗa."

Ya dube ni, na dube ta. Idonta ya cika da ƙwalla, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Na ce masa a yi yadda ta ce.

Aka ci gaba da ɗauka. Ba zan ce muku karo na biyu ya fi sauƙi ba, don haka ta sake sarƙewa. Sai dai ta kai ƙarshen sunan, har da na babanta. Daga nan ta gyara tsayuwa, ta dafe ƙugu, ta buɗe murya: "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya! Hajiya kawo jakar, wallahi yanzu za mu tashi!" Ɗakin ya kece da dariya. Da ta zo kan kakarta da akuya, mai riƙe da kyamara sai da ya cije leɓe, kafaɗarsa na girgiza.

Ba ita ta ci gasar ba. Mai motar gwangwani ne ya ci, kuma ya cancanta. Ita jakar makaranta aka ba ta.

Ranar da aka nuna shirin, ba a cire komai ba. Babanta ya zauna gaban talabijin har aka gama, sannan ya jawo ta jikinsa ya ce, "Kin fi ni ƙarfin hali." Tsokana kam an yi, ba zan ɓoye ba. Amma yaran da suka kwaikwayi in'inarta su ne kuma suka riƙa roƙonta ta yi musu ɗan kamasho.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta yi sallama, ta ce daga Unguwar Shanu take, da tambaya ta gano gidan. Tana riƙe da hannun 'yarta, wadda in'ina ta sa ta daina magana a makaranta gaba ɗaya. Ta ce, "Tun da ta ga taki, take cewa sai na kawo ta." Muka bar su a ɗaki muka fito tsakar gida. Can muka jiyo su suna hira, wannan ta sarƙe, waccan ta jira ta, babu mai ƙarasa wa wata magana. Matar ta sa gefen mayafi ta share ido.

Yanzu 'yar tawa tana jami'a, in'inar kuma tana nan, sai dai ba ta hana ta tambaya a aji. Abin da na koya shi ne, sau da yawa abin da muke gaggawar rufa wa yaro, mu yake ba kunya, ba shi ba. Idan yaro ya ce zai iya tsayawa da kansa, aikin babba shi ne ya yi haƙuri ya jira shi ya kai ƙarshen maganarsa.