Alli a Ƙirji

Shekarar da na fara koyarwa a kwalejin horon malamai, garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake kiransa. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabuwar takardar shaida, ga ji da kai. Gani nake duk wanda ya girme ni a ofishin malamai zamani ya bar shi a baya.

A zangon karatu na biyu shugaban kwalejin ya dawo daga wani kwas da sabon tsari. Ya ce za a haɗa malamai biyu-biyu, kowa ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya ya ga yadda yake koyarwa, ya cike fom, ran Alhamis kuma a taru kowa ya faɗi abin da ya gani. Fom ɗin za a aika ma'aikatar ilimi. Ni aka haɗa ni da malamin labarin ƙasa, dattijo mafi shekaru a cikinmu, wanda kowa ke kira Baba. Shekara guda ta rage masa ya ajiye alli cikin mutunci, kuma ya sha faɗi cewa ba ya roƙon Allah komai sai ya ga 'yan ajinsa na ƙarshe sun fita.

Shi ya fara shiga ajina. Ya zauna a bencin baya, fom a cinya, bai rubuta ko harafi ba. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana yana tura kekensa. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya fasa goro ya miƙo mini rabi. Sai da muka gama zancen damina da tsadar doya sannan ya ce:

"Ka san ni, ɗana, farkon aikina da allo nake hira. In juya wa yara ƙeya in yi ta zuba, su kuma suna gyangyaɗi. Wani tsohon hedimasta ne ya ce mini in riƙa duba rigata in na tashi daga aji. Malamin da ke kallon ɗalibansa, a baya alli ke ɓata shi. Wanda ke kallon allo kuwa, a ƙirji."

Na yi dariya, na ce lallai mutanen da can akwai hikima. Ya tafi. Rigar da na sa ran nan tana rataye a ƙusa, ƙirjinta fari fat, amma ko kaɗan ban gane da ni yake ba.

Washegari na shiga nasa ajin. Wallahi ban taɓa jin darasi irinsa ba. Ya ɗauko kogin Gurara tun daga tushensa har inda ya faɗa Kwara, yana kiran garuruwan bakinsa ɗaya bayan ɗaya, aji tsit. Amma da ya juya zai yi rubutu sai na ga yana shafa allon da hannun hagu yana laluben gefe. Ya rubuta layi, ya dawo ya rubuta wani a kansa. Wata ɗaliba a sahun baya ta ɗaga hannu har ta gaji ta sauke, bai kira ta ba. Nan na tuna ban taɓa ganinsa a kan keken nan ba, kullum tura shi yake. Idon Baba ya tafi, ko ya kusa.

Na cike fom har baya, ina jin kaina kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ran Alhamis da aka zo kaina, Baba ya ce, "Yaron nan ya san aikinsa. Ɗan abin da ya rage mun riga mun yi magana." Ya zauna. Na ce a raina, yaushe? Sai na miƙe da takardata. Na yaba darasin da jimla ɗaya, sauran kuma na karanto su dalla-dalla: rubutu kan rubutu, hannun da bai gani ba, laluben allo. Na rufe da cewa a ganina malamin ba ya gani sosai.

Ba wanda ya yi mamaki, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Malamin lissafi ya sunkuyar da kai. Shugaba ya yi ta juya biro a hannu. Ashe kowa ya sani, tun bara. Shi ya sa aka ba shi ajin da ya fi haske, shi ya sa malamin Larabci ke zama da shi suna duba takardun jarrabawa tare. Rufin asiri ne suka haɗu suka yi masa, ni kuma na zo na yaye a gaban jama'a, na sa hannu a ƙasa. Magana zarar bunu ce. Shugaba ba shi da ikon ɓoye fom ɗin da aka karanta a taro.

Baba ya ce, "Gaskiya ya faɗa." Ya lalubi hularsa ya fita.

Kafin zangon ya ƙare aka kira shi gaban likitan gwamnati, aka sallame shi. 'Yan ajinsa na ƙarshe ni aka ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Diko, garin mahaifiyarsa.

Sai da na yi wata huɗu ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya zuwa. Wata Laraba na tashi daga aji na shiga mota kai tsaye. Na same shi a zaure, idanun sun yi fari. Da sallama kawai ya gane ni. Na tsara kalmomin neman gafara tun daga tasha, amma da na durƙusa gabansa sai na ɓuge da tambayarsa jiki. Ya tambaye ni labarin 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wadda ta ɗaga hannu. Can ya ce:

"Ɗana, allin fa? A ƙirji ko a baya?"

Sai a lokacin na gane abin da ya kawo shi gidana. Ya tako da ƙafarsa, ya ɗora laifina a kan kansa, don kada ya faɗe shi a gaban mutane. Na dubi rigata. Ƙirjin fari.

Na ce, "A baya, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban bar aji a banza ba."

Ya rasu a daminar da ta biyo. Ban nemi gafararsa ba, kuma maganar ƙarshe da na yi masa ƙarya ce. Wannan abu yana cina har yau. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan haka, na shiga ajin malamai da yawa da fom a hannu, kuma duk wanda na ga yana da gyara, gidansa nake zuwa bayan la'asar. Matata kuwa ta gaji da kakkaɓe mini bayan riga, ba ta taɓa sanin dalilin da ya sa nake tsaya mata shiru in tana yi ba.